Nomau da Ƙwan Gwaggo Tabawa

A ƙauyen Kanyar Maje, can ƙarshen layin maƙera, akwai wani ɗan gida mai dangar kara wanda mutum biyu ne kacal a cikinsa, in ba a sa kaji a lissafi ba. Amma duk wanda ya san gidan ya san kajin nan su ne manyan gida. Mai gidan wata tsohuwa ce 'yar firit, Gwaggo Tabawa, mai faɗa kamar ta ari baki, mai kyauta kamar ba ta san gobe ba. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta riƙi 'ya'yan ƙanenta biyu bayan rasuwarsa, Lantana da Nomau. Lantana ta yi aure a wani gari, Nomau kuwa yana nan tare da Gwaggo.

Nomau ƙato ne, yana ɗaukar dami biyu a ka ya tafi yana waƙa, kuma ko akuya bai taɓa ɗaga wa murya ba. Aibinsa ɗaya ne. Magana in ta shiga kunnensa, yadda ta shiga haka take zama, ba ya rage mata, ba ya ƙara mata. Mutanen gari suna ce masa wawa. Ni dai ban cika ganin laifinsa ba, don da mutane suna faɗin daidai abin da suke nufi, da babu mai hankalin Nomau a garin nan.

Kajin Gwaggo uku ne. Akwai Wake-wake mai ɗigo-ɗigon fari da baƙi, akwai Fingi mai gashi a tsaitsaye kamar wadda aka tsorata tun tana ƙwai, sai Durgu mai gajerun ƙafafu, 'yar lelen Gwaggo. Ƙwansu kuwa ba irin na kiret ɗin mai shayi ba ne, wanda za ka fasa ka ga gwaiduwa fara fat kamar marar jini. Wannan in aka fasa shi a kasko sai gwaiduwar ta tsaya cur, ja kamar manja, ta ƙi bajewa. Gwaggo takan soya shi da man shanu, da 'yar albasa, da gishiri kaɗan, ƙamshin ya tsallake danga ya hana maƙwabta sakewa. Takan ce wanda bai ci ƙwan da aka ɗauko daga gurbi da safen nan ba, labarin ƙwai kawai yake ji.

Da damina ta zo ƙarshe sai zazzaɓi ya kayar da Gwaggo. Lantana ta baro gidan mijinta ta zo jinya. Zazzaɓin ya yi kwanakinsa ya tafi, amma ya tafi da cin abincin tsohuwa. A dama kunu ta kau da kai, a kawo fura ta ce tsami, tuwo kuwa ko kallonsa ba ta yi. Malamin asibiti ya duba ta ya ce ciwo kam ya wuce, yanzu yunwa ce abin tsoro, in ba ta ci ba ba za ta tashi ba. Aka yi ta gwaje-gwaje, sai aka ga abu ɗaya ne yake wuce maƙogwaronta, ƙwan kajinta, shi ma guda ɗaya a yini. Ran Gwaggo Tabawa ya koma yana rataye da abin da kaza za ta ajiye da hantsi. Lantana ga wanki, ga girki, ga masu zuwa dubiya, sai ta ɗora wa Nomau aikin ƙwai, shi kuwa ya karɓa da hannu biyu, don a duniya ba shi da kamar Gwaggo.

Wata rana da sassafe Lantana ta ce masa, "Nomau, da ka ji kaza ta yi kyarkyara, to ta yi ƙwai ke nan. Ka je ka ɗauko ka kawo mini."

Ya ce, "To, Yaya."

Ya zauna a kan turmi ya kasa kunne. Kazar da ta fara kyarkyara a safiyar nan ba ta gidansu ba ce, ta Marka ce matar Jatau maƙeri. Nomau ya miƙe, ya shiga gidan da sallamarsa, ya gaida Marka har ƙasa, ya wuce bayan madafa ya ɗauki ƙwai ya sa a hula. Kafin Marka ta rufe baki wata kazar ta ɗauka a gidan Liman, ya nufi can. Kaji kuwa in ɗaya ta fara ba sa bari ta yi ita kaɗai. Kafin azahar Nomau ya zaga unguwa kaf, ya dawo da hula cike fal, matan unguwa na biye da shi kamar masu rakiyar amarya.

Marka ta riƙe ƙugu ta ce, "Lantana, jinya kika zo yi garin nan ko fashi?"

Lantana ta yi ta ba da haƙuri tana rabon ƙwai, kowace mace kuma ta rantse babban shi ne na kazarta. Da suka ji don Gwaggo ne sai jikinsu ya yi sanyi, Marka ma ta ce a bar nata a soya wa tsohuwa. Aka soya aka kai. Gwaggo ta taɓa da harshe ta ture kaskon.

"Wannan ba na gidan nan ba ne. Na kazar Marka ne, mai kwana a juji."

Lantana ta fito ta kama kunnen Nomau, sai da ta yi ɗage kafin ta kai. "Kajinmu, Nomau. Namu kaɗai."

Wata rana kuma Lantana za ta kai niƙa, sai ta ce masa, "Gwaggo ta fi son a fasa shi da ɗuminsa. In ka ɗauko kada ka bari ya huce." Ta fita ba da daɗewa ba Fingi ta yi ƙwai. Nomau ya ɗauko, ya tsaya a tsakar gida yana jin ɗumin yana raguwa a tafin hannunsa, hankalinsa ya tashi. Ya duba ko'ina a jikinsa bai ga wuri mai ɗumi kamar hammata ba, sai ya cusa ƙwan a can, ya matse hannu, ya kama hanyar gidan niƙa yana tafiya a karkace. A bakin masallaci ya yi kiciɓis da Liman. Liman mutumin kirki ne, ya miƙo masa hannu. Nomau kuwa tun yana yaro aka koya masa cewa babba in ya ba ka hannu ɗaya, kai biyu za ka ba shi. Ya durƙusa, ya matse gwiwar hannu a haƙarƙari, ya miƙa tafukan biyu kamar kaza mai shirin tashi. Sai ji aka yi ƙwas. Gwaiduwa ta biyo gefen riga tana gangarowa.

Liman ya ja da baya. "Subhanallahi! Nomau, wane irin maruru ne wannan ya fashe maka?"

"Ba maruru ba ne, Allah gafarta Malam, abincin Gwaggo ne."

Ya isa gidan niƙa ya ɗaga wa Lantana hannu a gaban mata. "Yaya, ya fashe. Amma taɓa ki ji, bai huce ba."

Mata suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Sai dai ranar sauran kajin ba su yi ƙwai ba, Gwaggo ta kwana da ruwa kawai a cikinta. Nomau ya ɗauki tuwonsa ya kai bayan ɗaki ya zauna ya tasa shi a gaba, ya kasa kai loma ɗaya baki. Baƙin ciki ya cika shi, don ya san shi ya jawo, ko da yake har ya yi barci bai gano ta inda ya kuskure ba.

Ana nan sai Wake-wake, wadda ta fi sauran yawan ƙwai, ta daina yi a akurki. Kullum da hantsi sai ta sulale ta ɓace, can a jiyo kyarkyararta daga nesa, ta dawo tana taƙama kamar ba ta yi komai ba. Wata rana Lantana ta ce, "Kazar nan ta sake gurbi. Nomau, yau ka bi ta duk inda ta sa ƙafa, har ka ga inda take zubawa."

Nomau ya bi ta. Ta hau juji ya hau. Ta shiga ƙarƙashin rumbu, ya kwanta rub da ciki ya ja jiki ya fita ta ɗaya gefen, yanar gizo har a gemu. Ta tsaya tana tono, ya tsaya yana jira, don ba a ce masa ya yi tono ba. Daga nan ta nufi katangar maƙerar Jatau, ta sunkuya ta shige ta kafar da ruwan sama yake fita. Nomau ya dubi kafar, ya dubi kafaɗunsa, ya yi bismilla ya tura kai. Kai ya wuce, kafaɗa ɗaya ta wuce, saura ya ce bai san zancen ba. Jatau yana cikin ƙira ya ga kan mutum ya tsiro a gindin katangarsa, sai da guduma ta faɗi daga hannunsa.

"Kai Nomau! Ga ƙofa nan a buɗe kusa da kai!"

"Ba ta ƙofa ta bi ba, Baba Jatau."

Aka taru aka kama ƙafafunsa za a fizgo shi, ya dinga ihu, "Kada ku ja ni baya! Gaba ta yi!" Dole Jatau ya ɗauko diga ya farfasa gefen katangarsa da hannunsa, yana yi yana tsaki, aka tura Nomau gaba. Ya miƙe duk jiki a ƙuje, ya bi sawun kaza zuwa inda aka jingine karan dawa a bayan maƙera. Ga Wake-wake zaune a ciki, ga ƙwai zube a ƙarƙashinta fiye da goma. Nomau ya kwaso su a ƙwarya ya dawo gida yana washe baki. Ranar ko Lantana sai da ta sa masa albarka, ta kuma aika wa Jatau da ƙosai na ban haƙuri.

To amma murna ba ta kwana ba. Ƙwan nan wasu na jiya ne, wasu sun daɗe, kuma ba a ba marar lafiya abin da ba a tabbatar ba. Lantana tana tsakiyar tuƙin tuwo, hayaƙi ya cika mata ido, sai ta ce ba tare da ta waiwayo ba, "Je ka sa su a ruwa. Wanda ya nutse mai kyau ne, wanda ya taso baragurbi ne, ya lalace." Nomau ya leƙa randa ya ga ruwan ya yi ƙasa, ya ga ai bai kamata a yi wa aikin Gwaggo rowar ruwa ba. Ya ɗauki ƙwarya ya tafi babbar rijiyar gari. Ya dinga sakin su ɗaya bayan ɗaya, yana leƙawa, yana gyaɗa kai cikin jin daɗi duk lokacin da wani ya ɓace. Guda biyu ne suka taso suna yawo a saman ruwa. Ya zura guga ya yi ta fama har ya kamo su, ya kawo gida a tafin hannu.

"Yaya, albishirinki. Duk masu kyau ne, biyun nan ne kawai munana."

Lantana ta dubi ƙwarya wayam. "Ina masu kyan?"

"Suna rijiya. Sun nutse sarai, ko ɗaya bai yi gardama ba."

Muciya ta tashi sama, Nomau ya sunkuya, ta sami danga. Sai suka ji wani irin sauti daga ɗakin Gwaggo, kamar mai shaƙewa. Suka ruga a guje. Ashe dariya ce. Tsohuwa tana kwance tana dariya har hawaye na bin kunnuwanta, tana cewa, "Sun nutse sarai! Wayyo ni Tabawa, sun nutse sarai!" Rabonta da dariya tun kafin ta kwanta. Dariyar ta ƙare da tari, ta koma ta yi lamo, amma Nomau ya fita yana jin kamar an ba shi doki. Mutanen gari kuwa sai da suka yashe rijiya, kuma har yau in an ga wani ya yi asarar da ba ta da dalili akan ce ya yi gwajin Nomau.

Ba kullum abin yake zama na dariya ba. Wata rana Lantana za ta shiga wanka ta ce masa, "Zauna nan a bakin ƙofar Gwaggo, kada ka motsa. In ta yi kira ka ƙwala mini." Ya zauna. Can sai ga wani ƙaton muzuru ya diro ta kan danga, yana sanɗa ya nufi inda Durgu take wankan ƙasa. Nomau yana ganinsa. Taku kaɗan ne tsakaninsu, ko takalmi ya jefa da ya kore shi. Amma an ce kada ya motsa, kuma Gwaggo ba ta yi kira ba balle ya yi ihu. Wake-wake da Fingi suka tashi sama, Durgu mai gajerun ƙafafu ta kasa. Lantana ta fito ta tarar da gashin kaza a warwatse, Nomau na zaune inda ta bar shi kamar an dasa shi, hawaye na zuba ta cikin gemunsa.

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta dube shi, ta fasa.

Suka so su ɓoye wa Gwaggo, amma tsohuwar da ta san ƙwan kazar Marka da harshe ba za a ɓoye mata kukan kazarta ba. Ta ce, "Durgu ce ko?" Ta juya fuska ga bango ta ce, "Durgu ma ta tafi, ni me nake jira?" Daga ranar ko ƙwan ta daina karɓa. A soya a kawo, ya huce a gefen gado, a fitar. Ta sa Lantana ta sauko da tasoshinta daga kan jere ta ce ta ɗaure su ta tafi da su gidanta. Lantana ta toshe taga da tsumma don kada iska ta taɓa ta, ta lulluɓe ta da bargo biyu, ɗakin ya yi duhu yana warin magani. Masu dubiya suka koma yin magana ƙasa-ƙasa, in sun fito su girgiza kai su ce sai dai addu'a. Tsoro ya kama Nomau irin wanda bai taɓa ji ba. Kullum da hantsi yakan ɗauko ƙwai ya tsaya da shi a bakin ƙofa, ba wanda ya ce ya kawo, ba wanda ya ce ya mayar.

Wata rana, ranar kasuwar gari mai asibiti, Lantana ta shirya tun da asuba za ta je ta karɓo wani magani, ko Allah zai sa a dace. Ta tsayar da Nomau a tsakar gida, ta riƙe hannunsa, ta yi masa magana a hankali yadda ba zai ɓata ba.

"Ka ji ni da kyau. Kada ka bar Gwaggo ita kaɗai. Kada kuma ka bar kajin nan su kaɗai, muzurun nan ya ɗanɗana, zai dawo. Ka ji?"

"Na ji, Yaya."

Ta tafi. Nomau ya shiga ɗaki ya zauna kusa da Gwaggo, sai ya tuna kaji suna can bayan rumbu su kaɗai. Ya ruga wurin kaji, sai ya tuna Gwaggo. Ya yi ta safa da marwa har gumi ya jiƙa masa riga, kuma ko ta ina ya tsaya sai ya ga ya saɓa rabin maganar Yaya. Ya ce bari ya kawo kajin ɗaki. Ya bi Fingi, ta haye rumbu tana zaginsa da yarensu. Ya nufi Wake-wake, ta zille ta shige ƙarƙashin akurki. Ya tsaya yana haki, ya yi tunani irin nasa, mai tsawo kuma miƙaƙƙe. Kaji suna gudu. Gwaggo ba ta gudu.

Ya koma ɗaki ya ce, "Gwaggo, yi haƙuri." Ya naɗe ta da tabarmarta da matashinta ya ɗaga. Sai gabansa ya faɗi, don bai ji nauyin komai a hannunsa ba, kamar ya ɗauki ƙunshin harawa.

"Kai! Ina za ka kai ni? Sauke ni, ɗan nema! Tun ban mutu ba za ka kai ni kushewa?"

"Wurin kaji ne, Gwaggo. Yaya ta ce."

Muryar da ta fara faɗan da ita ƙarama ce kamar ta ɗan tsako, amma kafin su zagaya rumbu ta fara komawa muryar Tabawa da unguwa ta sani. Ya shimfiɗa ta a gindin zogale, gab da akurki, inda hantsi yake sauka. Ya zauna a tsakani, ido ɗaya a kanta, ɗaya a kan kaji, ya yi ajiyar zuciya. Yanzu ba wanda yake shi kaɗai.

Gwaggo ta rufe ido saboda haske, tana ta mita. Da rana ta fara ratsa ƙasusuwanta sai mitar ta ragu. Ta buɗe ido ta dubi inda take, sai ta ga abin da ya fi ciwo tayar mata da hankali.

"Wannan kaskon ruwan kajina ne ya yi gansakuka haka? Yaushe rabon da a share akurkin nan? Ko toka ba a zuba ba, ƙuma ta cinye mini kaji! Mutum biyu a gida, ƙarti, an rasa mai hankali ɗaya!"

Ta sa shi ya wanke kasko, ya share, ya kwaso toka a murhu ya barbaɗa. Bai yi daidai ba, ta yunƙura ta tashi zaune don ta nuna masa. Ta ce ya miƙo mata tsaba, ta watsa da hannunta, ta yi irin kiran da take yi musu. Fingi ta diro daga kan rumbu a guje, ta ci, ta zo tana tsattsagar yatsan ƙafarta. Gwaggo ta ce, "Ke ma kin rame, 'yar banza."

Can rana ta ɗaga, Wake-wake ta fito daga akurki tana kyarkyara kamar ta ci gari. Nomau ya zabura zai tashi.

"Zauna! Da wannan hannun naka kamar galma?"

Ta ja jiki da kanta, a hankali, ta zura siririn hannunta cikin akurki ta laluba. Ta fito da ƙwai biyu, na Wake-wake da ɗuminsa, da na Fingi na sassafe. Ta kanga mai ɗumin a kumatunta, ta daɗe a haka. Sannan ta ce, ba ta dube shi ba, "Hura wuta a nan. Ka ɗauko man shanu da albasa. Gishirin yana cikin ƙoƙo."

Lantana ta dawo gab da azahar da ƙullin magani. Ta shiga ɗaki ta ga gado wayam, babu tsohuwa, babu tabarma. Ƙullin ya faɗi daga hannunta, ta ɗora hannu a ka ta fara salati. Sai ƙamshin man shanu da albasa ya iso ta, tare da wata murya daga bayan rumbu tana cewa, "Na ce ka rage wutar, ba ka kashe ta ba!" Ta zagaya da gudu. Ga Gwaggo zaune ta jingina da zogale, ta cinye ƙwai ɗaya tas tana suɗe yatsa, na biyu yana soyuwa a kasko.

Lantana ta juya kan Nomau. "Wa ya ce ka fito da ita cikin iska?"

"Ke kika ce, Yaya. Ga Gwaggo, ga kaji."

Gwaggo ta ce, "Ƙyale shi. Ku masu hankali ai kun riga kun binne ni a ɗaki, ƙasa kawai ta rage ku zuba." Ta sauke kaskon, ta raba ƙwan gida biyu da bakin cokali, ta tura rabi gaban Nomau. "Ungo, ɗan nan. Kai ma ka sha wahala."

Nomau ya mayar da hannayensa baya. Ya haɗiyi yawu, ya girgiza kai.

"Mene ne kuma?"

"Kin ce yaro ba ya cin ƙwai, Gwaggo. Kin ce in ya ci sata zai koya. Kin ce in bari sai na girma."

"Ni? Yaushe na faɗi haka?"

"Lokacin da haƙorina na gaba ya fita."

Gwaggo ta dube shi. Ta dubi faɗin kafaɗunsa, ta dubi gemunsa inda furfura ta fara leƙowa ɗai-ɗai. Magana ce da kowace uwa a garin take faɗa wa yara don su bar wa kaza ƙwanta ta yi kwanci, maganar da kowane yaro yake mantawa kafin ya yi kaciya. Shekara da shekaru tana soya ƙwai a gabansa, yana shaƙar ƙamshi yana tashi ya ba ta wuri, ita kuwa ta ɗauka ba ya so ne. Lantana ta toshe baki da gefen mayafi.

"To ai ka girma tuntuni, Nomau."

"Ba ki faɗa mini ba, Gwaggo."

Idanun tsohuwa suka ciko. Tausayinsa ya kama ta har ta rasa inda za ta sa kanta. "Yanzu da na mutu jiya, haka za ka zauna har ka tsufa ba ka san ɗanɗanon ƙwai ba?"

"E, Gwaggo."

Ta share ido da bayan hannu, ta gyara zama, ta yi maganar da ƙarfi yadda ko kajin za su zama shaida. "Nomau, ka girma. Ci."

Ya yi bismilla, ya ɗauka da yatsu biyu kamar mai tsoron kada ya ji masa ciwo, ya sa a baki. Ya rufe ido. Ya daɗe bai haɗiye ba. Da ya buɗe ido sai ya ce a hankali, "Ashe haka yake?"

Gwaggo ta ja sauran rabin gabanta ta cinye, ta miƙa wa Lantana kaskon.

"Ke kuma kwance tasoshina ki mayar da su inda kika gan su, ba inda za ni. Sai na zauna na tuno duk abin da na taɓa faɗa wa bawan Allahn nan tun yana yaro, in warware masa ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan ba aikin shekara ɗaya ba ne. Akwai sauran furar jiya? Dama mini, ƙwai ɗaya da rabi ai ba abinci ba ne."